Zunubinsu ya fi amfaninsu girma: nasiha kan gidan caca da romon bakin haraji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan uwana Musulmi.

Akwai wata muhawara da ake tafkawa a manyan biranen duniya, kuma yana da kyau mu san kanta tun ba ta iso mana da ƙarfinta ba. Birni zai shiga matsin kuɗi, bashi ya yi masa katutu, sai wani kamfani ya zo da zanen gini mai ɗaukar ido ya ce a ba shi fili da lasisi ya kafa katafaren gidan caca, matasa su samu aiki, baitulmali ya cika. Daga nan sai gari ya rabu biyu, masu cewa a yi da masu cewa kada a kuskura.

Haka aka yi a Chicago ta ƙasar Amurka. A shekarar 2019 jihar Illinois ta yi dokar da ta ba birnin damar samun gidan caca. Damuwar shugabannin birnin ba ɓoyayya ba ce: asusun fanshon 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ya yi wawakeken giɓi. A watan Mayun 2022 magajiyar garin ta lokacin, Lori Lightfoot, ta zaɓi kamfanin Bally's. Aka jero alkawura: gini na dala biliyan 1.7 a bakin kogin Chicago, a filin da maɗaba'ar jaridar Chicago Tribune take a lokacin, da otal mai ɗaki 500, da aikin gini ga mutum kusan 3,000, da aikin dindindin ga wasu kamar haka, da dala miliyan 40 lakadan tun ba a aza tubali ko ɗaya ba, sannan kimanin dala miliyan 200 duk shekara. Mazauna unguwannin da ke kusa suka yi ta koken cunkoso da ɓarna da gaggawar da aka yi wajen yanke shawarar. Da aka kaɗa ƙuri'a a majalisar birnin, kansiloli 41 suka amince, 7 suka ƙi.

Ban raina hujjar waɗanda suka amince ba. Tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kutsawa cikin gobara ya cancanci fanshonsa, kuma magidancin da ba shi da aiki ba ya jin daɗin wa'azi da yunwa a cikinsa. Musulunci ma bai ce caca ba ta da amfani ko kaɗan ba. Ubangijin da ya halicce mu Shi ya fara auna wannan magana, a aya ta 219 cikin Suratul Baƙara: "Suna tambayar ka game da giya da caca. Ka ce: a cikinsu akwai zunubi mai girma da wasu amfanoni ga mutane, kuma zunubinsu ya fi amfaninsu girma." Duk lissafin da masana tattalin arziki ke kwana suna yi a kan riba da hasarar gidan caca, ga shi nan a jimla ɗaya. An ambaci amfanin, ba a ɓoye shi ba, sannan aka faɗi ɓangaren da ya rinjaya.

Ku dubi irin cacar da ayar ta tarar. Larabawan jahiliyya sukan sayi raƙumi bashi su yanka, su zuba kibau goma a jaka, bakwai masu rabo, uku babu komai a kansu. Wanda kibiya marar rabo ta fito masa shi ke biyan kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuwa sau da yawa ba sa kai naman gida, talakawa suke raba wa, musamman lokacin sanyi da fari, har suna alfahari da hakan a waƙoƙinsu, suna yi wa wanda ya ƙi shiga gorin rowa. Wato cacarsu ma ciyar da miskinai take yi. Duk da haka Allah Ya haramta ta. To ina ga wadda aka ce za ta biya fansho?

Tambayar da ba a cika yi ba a irin wannan muhawara ita ce: kuɗin nan da za su shiga baitulmali, daga aljihun wa za su fito? Gidan caca ba ya noma, ba ya saƙa, ba ya ƙera ko allura. Ku ɗauki wasan nan da ake kira rulet, inda ake juya faifai a jefa 'yar ƙwallo. A irin na Amurka faifan yana da gurbi 38. Idan ka sa dala ɗaya a kan lamba guda ka dace, dala 35 za a ba ka riba. Da adalci za a yi, 37 ya kamata a ba ka. Wannan 'yar tazarar ta dala biyu, wadda mai wasa ba ya ko lura da ita saboda zumuɗi, ita ce ke sa a cikin kowace dala 100 da aka zuba a teburin, fiye da dala 5 ke zama ta mai gida idan tafiya ta yi nisa. Ba sai an yi maguɗi ba, lissafin ne aka gina haka. Injinan caca su ma a kan wannan aka saita su. Fitilu masu walwali da kafet mai laushi da albashin masu raba karta da harajin gwamnati, dukkansu daga hasarar mutane ake biyan su. Kafin dala miliyan 200 ta shiga asusun birni, sai mutane sun yi asarar ninkin-ba-ninkinta.

Kuma su wane ne mutanen? Ana son a nuna mana cewa baƙi ne masu kuɗi da za su zo yawon buɗe ido. Wannan ya fi yiwuwa a wurare irin su Las Vegas da Makau, waɗanda aka gina su dungurungum a kan baƙi. A yawancin birane kuwa 'yan gari ne ke cika ɗakin, kuma kuɗin da suka bari a can su ne da za su kashe a gidan abinci da shagon tufafi da kantin unguwa. Aikin da aka samar a nan, an rage shi a can. A 1999 wani kwamitin bincike da majalisar dokokin Amurka ta kafa ya ba da rahoton cewa inda gidan caca yake cikin tazarar mil 50, yawan masu jarabar caca yakan kusan ninkawa. A 2010 wata hukumar gwamnatin Ostareliya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ake asara a injinan caca suna fitowa ne daga waɗanda jarabar ta riga ta kama. Ku tsaya a kan wannan adadin. Kusan kashi biyu cikin biyar na cinikin injinan ya dogara ne ga mutanen da ba sa iya dainawa. Auren da ya mutu, da gidan da aka jinginar, da ma'aikacin da ya taɓa kuɗin ofis, da yaron da aka cire daga makaranta, ba ɗaya daga cikinsu da ake rubutawa a takardar da kamfani ke kai wa majalisa.

Wanda yake son ganin ƙarshen hanyar ya duba Atlantic City a jihar New Jersey. A 1976 aka kaɗa ƙuri'ar halatta gidajen caca domin a farfaɗo da garin, na farko ya buɗe a 1978. An samu ayyuka, gaskiya ne, an kuma samu kuɗi na shekaru. Amma da jihohin maƙwabta irin su Pennsylvania suka buɗe nasu, kasuwa ta rabu. Cinikin da ya kai dala biliyan 5.2 a 2006 ya dawo kusan rabi cikin shekara goma. A 2014 kaɗai gidaje huɗu cikin goma sha biyu suka rufe, mutum kusan 8,000 suka rasa aiki. Ɗaya daga cikinsu, Revel, an gina shi a kan dala biliyan 2.4, bai cika shekara uku ba ya durƙushe. A 2016 sai da gwamnatin jiha ta karɓe ragamar kuɗin birnin don kada ya tsiyace. Kuma a titunan da ke bayan dogayen gine-ginen nan, abin da ya yi kasuwa shi ne shagunan sayen zinare da karɓar jingina, inda mutum ke cire zoben aurensa ya ajiye domin ya koma ya gwada sau ɗaya tak.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda masu gidajen cacar ke kare 'ya'yansu. A Monako, inda shahararren gidan cacar Monte Carlo yake, ɗan ƙasa ba shi da izinin yin caca a ciki. Singafo ta buɗe manyan gidaje biyu a 2010, baƙo ya shiga kyauta, amma ɗan ƙasa sai ya biya dalar Singafo 100 a rana, aka ƙara zuwa 150 a 2019, kuma iyali na iya neman a hana ɗan uwansu shiga. A Koriya ta Kudu gida ɗaya ne kacal aka yarda 'yan ƙasa su shiga. Japan, da ke gina nata a Osaka, ta sa wa mutanenta kuɗin shiga yen 6,000 da iyakar zuwa sau uku a mako. Da abin alheri ne, da 'yan gida za a fara buɗe wa ƙofa.

A Chicago kuwa, kafin a gama babban ginin, an buɗe na wucin gadi a watan Satumban 2023, a wani tsohon gini na 1912 mai ƙubbobi irin na masallaci, wanda wata ƙungiyar Turawa ta gina ta raɗa masa suna Medinah Temple. Ba masallaci ba ne, bai taɓa zama ba, amma zuciyar Musulmi ba za ta ji daɗin sunan birnin Manzon Allah (SAW) a kan ƙofar da ake caca a bayanta ba. Harajin da ya shigo daga wurin bai kai abin da aka sa a kasafin kuɗi ba. Kuma nan ne haɗarin yake: ranar da gwamnati ta ɗora fanshon ma'aikatanta a kan caca, ta zama mai fatan jama'arta su ƙara yin asara. Idan ciniki ya ja baya, ita za ta nemi a ƙara injina, a sassauta doka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A Ras al-Khaima ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an ba kamfanin Wynn lasisin caca a watan Oktoban 2024, ana kan gini. A Najeriya kuma, a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da ikon tsara nata. Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a shekarar 2024 ɗin, Allah Ya saka musu. Amma hukuncin nan yana nufin kowane gwamna da kowace majalisar jiha yanzu amanar tana wuyansu kai tsaye, kuma jihar da ke neman kuɗin shiga ido rufe za a zo mata da irin zanen da aka kai wa Chicago, da irin kalmomin: ayyukan yi, masu zuba jari, ai ko ba mu halatta ba suna yi a ɓoye.

Ga masu tsoron rasa kuɗin shiga, Alƙur'ani ya riga ya yi magana. A shekara ta tara bayan hijira, da aka hana mushirikai kusantar Masallacin Harami, mutanen Makka sun ji tsoron kasuwarsu za ta mutu, domin waɗannan baƙin su ne ke kawo abinci da haja. Sai Allah Ya ce a aya ta 28 cikin Suratut Tauba: "Idan kun ji tsoron talauci, to da sannu Allah zai wadata ku daga falalarSa idan Ya so." Ya kuma cika alkawari. Manzon Allah (SAW) ya ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito, Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓa sai mai tsarki. Asibitin da aka gina da hawayen matan 'yan caca ba zai zama sadaka ba don an rubuta sunan gwamna a jikinsa.

Yanzu kai, ɗan uwana matashi, da gidan cacar ya riga ya shigo aljihunka ta waya. Ka san kanka. Ka jera wasanni goma sha biyar a tikiti ɗaya da naira ɗari biyu, ana sallar Magariba kana sahu amma zuciyarka tana Ingila, ana sallamewa ka zaro waya tun ba ka yi tasbihi ba. Gobe ka ce wa abokinka wasa ɗaya ne ya ɓata maka, saura ƙiris. Wannan saura ƙiris ɗin da gangan aka tsara shi domin ka dawo. Kuɗin adashin mahaifiyarka da ka ce za ka mayar kafin ta lura, har yau ba ka mayar ba. Karanta aya ta 90 da ta 91 cikin Suratul Ma'ida: Allah Ya kira caca ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya ce Shaiɗan yana son ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyar giya da caca, ya kange ku daga ambaton Allah da salla, sannan Ya tambaya: "Shin za ku hanu?" Da aka karanta wa Sayyidina Umar (RA) ayar, cewa ya yi: mun hanu, mun hanu.

Ka goge manhajar yau, ba sai ka fanshe abin da ka rasa ba, domin neman fanshewar nan shi ne igiyar da aka ɗaure ka da ita. Ka faɗa wa wani babba da ka amince da shi, ya riƙe maka katin banki na wani lokaci idan ta kama. Ka lissafa bashin da ke kanka ka fara biya ko da kaɗan-kaɗan ne, ka nemi yafiyar waɗanda ka taɓa wa dukiya. Abin da ya rage a hannunka na cin caca, malamai sun ce ka rabu da shi ta hanyar amfanin jama'a, ba da niyyar neman lada ba. A hadisin Bukhari da Muslim, wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, faɗar kawai, an umarce shi ya yi sadaka. Ka yi taka sadakar daga halalinka.

Iyaye kuma, idan yaro ya zo ya faɗa muku gaskiya, kada ku kore shi da tsinuwa. Ku riƙe shi, ku nema masa sana'a, ku sa shi a addu'ar sujada.

Allah Ya wadata mu da halalinSa, Ya tsare mu daga haraminSa, Ya ba shugabanninmu zuciyar ƙin kuɗin da za su ci 'ya'yanmu. Amin.