Na Ba Alhaji Kujera, Na Bar Malam a Rana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar Asabar abin nan yake cina a rai, gara in faɗa.

An yi ɗaurin aure a unguwarmu, ina cikin masu tarbar baƙi. Malamin da ya rubuta mini allona na farko ya iso a kan tsohon kekensa. Daga nesa na ɗaga masa hannu, na ce "sannu da zuwa Malam," na wuce. Ba a jima ba wani alhaji ya fito daga jibgegiyar mota. Wallahi ban san lokacin da na ruga ba, ina ta "ranka ya daɗe," na tashi wani yaro na ba shi kujera cikin rumfa. Sai da aka shafa fatiha na hango Malam can gefe, zaune a kan takalminsa, rana tana dukansa. Bai ɓata rai ba, murmushi ma ya yi mini. Murmushin nan ne ya hana ni barci.

Alhajin ko sunana bai sani ba. Malam kuwa shekaru ya yi yana fama da ni a kan ɗan kuɗin Laraba, wani satin ma ban kai ba.

Kullum muna karanta Abasa a sallah, mun san a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum ta sauka, makahon da ya zo neman sani Annabi (SAW) yana tare da manyan Ƙuraishawa. To mu su wa muke juya wa baya kullum?

Haba jama'a! Da can in an zo neman aure, hali da asali ake bincika: yana sallah? Yaya zamansa da iyayensa? Yau tambayar farko wace mota yake hawa. Ina ya samo kuɗin? Babu ruwan kowa. Lefe ya zama gasa, ana ƙirga akwatuna ana ɗaukar hoto, uwar da 'yarta ta samu akwati biyu tana sunkuyar da kai kamar ta yi abin kunya. 'Yar'uwar da ba ta iya sayen anko ba, sai a manta da ita wajen rabon abinci. Alhali Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Har masallaci ba mu bari ba, ana shimfiɗa darduma a sahun gaba a ajiye wa wanda bai iso ba.

Ban ce arziki laifi ba ne, Allah Ya ƙara wa masu shi na halal. Laifin a idonmu yake, idon da ya koma auna mutum da shaddarsa. Kuma yaranmu suna kallo. Yaron da na tasa daga kujera ya ga wa na rusuna wa, ya ga wa na bari a rana. Gobe da wane baki zan ce masa ya haƙura da halal?

Don Allah ku tuna wa kuka wuce wannan makon ba ku gaisa ba. Kawun nan mai faci, gwaggon nan mai sayar da ƙuli, ku je ku durƙusa ku gaishe su. Don Allah ku je.

Ni dai bayan la'asar gidan Malam na nufa. Ku taya ni addu'a ya yafe mini.