A bar direban kamiyo ya yi barci

Jama'ar Damagaram, yau maganata a kan manyan motoci ce, kuma da mu fasinjoji zan fara. Fataucin hatsi ya sa na saba zama a gaban kamiyo, tsakanin direba da yaron mota, wani lokaci arewa ta Tanut zuwa Agadas, wani lokaci yamma ta Tasawa da Maraɗi har Yamai. Abin da zaman nan ya nuna mini shi ne, gyangyaɗin direba ya fi ramin hanya haɗari, kuma mu da muke biyan kuɗin mota muna da hannu a ciki.

Daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne. Bas kan tashi da asuba ya isa da dare, shi ya sa mutane ke ɗauka kamiyo ma kusan haka ne. Ina! Lodi kawai yakan cinye wuni, sai bayan la'asar a gama ɗaure tampol. An kama hanya kuma ga igiya a bakin gari bayan gari: jandarma, 'yan duwan, 'yan sanda, ga wurin biyan kuɗin hanya. Kowace tsayawa sai an sauka da takardu, a yi ta jira. Da bazara kwalta takan yi zafin da ke fasa taya, saboda haka direbobi da yawa sun gwammace su yi tafiyar dare. Lokacin da kowa ke kwance, shi lokacin yake fara aiki, alhali da ranar ma bai runtsa ba.

Zaman gaban mota akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. Ana tsayawa Takeita a sha shayi da burodi, a sayi tsire a takarda. Goro na zagayawa hannu zuwa hannu. A saurari wa'azi, a juya zuwa waƙa, a yi hirar farashin gero da ta iyali, har mutumin da ba ka taɓa gani ba ya gaya maka abin da bai gaya wa ɗan'uwansa ba. In babu ruwa a yi taimama a ba da farali a gefen hanya. Yaron mota kuwa, Allah ya saka masa, shi ne mai dira da gudu ya sa weji, shi ne mai shiga ƙarƙashin mota, shi ne mai kwana kan tabarma a gindin taya yana gadin kaya.

Amma wajen ƙarfe 2 na dare hira takan mutu. Za ka ga direba ya fara shafa ruwa a fuska, ya sauke gilashi, ya ƙara ɓantarar goro. Motar ta ɗan karkata, ya fizgo ta. A daidai nan ne yakan ce zai faka ya ɗan kishingiɗa, a daidai nan ne kuma za ka ji wani daga cikinmu ya ce: "Haba maigida, daure mu ƙarasa Tanut, gobe kasuwa nake so in riska." Mai kaya ma ga shi a waya yana tambayar ina aka kai. Direba mutum ne mai kunya, kuma yana tsoron a karɓe makulli a ba wani. Sai ya daure. Wasu ma ƙwaya suke haɗiya don ido ya bushe, kowa a tasha ya san wannan. Ba na wanke su, amma wa ya matsa musu?

Ku tuna da na saman kaya. Mata da goyo, tsofaffi, 'yan ci-rani, ba abin da ke riƙe su sai igiyar tampol. Talauci ne ya hau da su can, don kuɗin bas ya fi ƙarfinsu. Ran da mota ta kife su ake fara watsarwa. Hanyar Tanut kuma tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 tankokin mai ke kai da komo a kanta. Ka ƙaddara mai gyangyaɗi ya haɗu da tankar fetur gaba da gaba.

Abin ya ƙara tsananta bayan rufe iyakoki a 2023. Kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, motoci na jiran ayari da rakiyar soja kwana da kwanaki. Duk lokacin da aka ɓata a can, a jikin direba ake son fanshe shi.

Alhazanmu masu motoci, wanda ya iya zuba miliyoyi ya sayi kamiyo ba zai kasa biyan direba na biyu a doguwar tafiya ba. Shugabannin sandika, wato ƙungiyar direbobi, su ma su tsaya a kan a samar da wuraren fakawa masu tsaro, musamman tsakanin Tanut da Adarbisanat inda gari ke nisa da gari, don wani direban tsoron 'yan fashi ne ke hana shi tsayawa a daji.

Mu kuma fasinjoji namu ya fi sauƙi. In direba ya kashe mota ya ce zai kwanta, ka sauko da tabarmarka, ka kashe wayarka, in mai kaya ya kira yaron mota ka karɓa ka ce masa kai ne ka ce a tsaya.