Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, ta yaya zai taƙaita labari?

Ranar Talatar nan aka ci mutuncin wata malamar Turanci a gaban ɗalibanta, a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo. Jami'in duba makarantu ne ya faɗo ajin SS1, ya tarar ta rubuta kalmomin pan da fan a allo, tana nuna wa yara yadda ake haɗa leɓe biyu a ta farko, a ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa a ta biyu.

Ko sallama bai yi ba. Ya ɗauki littafin tsarin darasinta ya buɗe.

"Malama, mako na shida ake ciki. Manhaja ta ce taƙaita labari. Nan firamare ce?"

"Ranka ya daɗe, yara 112 ne a ajin nan. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabi ba sa iya karanta layi guda."

"Ban tambaye ki tarihi ba. Ni abin da ke takarda na sani."

"Yallaɓai, ko za ka kira ɗaya ya karanta maka?"

"Au, ke za ki koya mini aikina?"

Ya zaro jan biro ya ja layi biyu a kan shafin, ya ce ta saurari takardar tuhuma. Aji ya yi tsit. Baiwar Allah tana tsaye da alli a hannu, ta rasa inda za ta sa idonta.

Wallahi abin da ciwo, domin ita ce a kan daidai! Yaron da ya fara da karatun Hausa ya san harafin c da sautin da ke cikin ciki da cokali, to idan ya ga cat haka zai furta shi. Wasulan Hausa biyar ne, gajeru da dogaye, na Turanci kuwa sautinsu ya kai wajen 20, kuma rubutun ba ya bin furuci. Hausa ba ta jera baƙaƙe uku a farkon kalma, shi ya sa yaro ke cusa wasali a cikin street. Ba daƙiƙanci ba ne. Gyaransa sananne ne: minti 15 kullum, a fara da sautin haruffa, a koma haɗa su, sai gajerun jimloli, sannan kowane yaro ya karanta da babbar murya a ji inda yake tuntuɓe. An tsallake wannan a firamare, an tsallake a ƙaramar sakandare, kowace shekara ana tura yaro gaba ko ya ci ko ya faɗi.

Ga kuma abin da ke jiransa a WAEC: insha'i mai kalmomi kusan 450, maki 50. Goma daga ciki na ƙa'idar rubutu ne, kowane kuskure rabin maki, wato kuskure 20 sun cinye su. Taƙaita labari maki 30, kuma wanda ya kwafo jimlolin labarin yadda suke ba ya samun cikakken maki. Babu kiredit a Turanci, babu jami'a.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Ku yi lissafi: aji huɗu masu yara ɗari-ɗari, insha'i 400, minti biyar kowanne, sama da awa 33 ke nan na duba rubutu kawai. A ina za ta samo su? Darasi minti 40 ne, kafin yara su zauna a kira suna, minti goma sun tafi. Littafin karatu guda yara shida ke leƙe, ɗakin karatu kuwa an mai da shi sito na karyayyun kujeru.

Gwamnati ta iya fenti da yanke ƙyalle a gaban kyamara, amma ɗaukar malamai ya gagara. Masu tsara manhajar nan 'ya'yansu suna makarantun kuɗi. Mu iyaye ma da namu: yaushe rabon da ka ce wa ɗanka ya karanta maka shafi guda? Sai jarrabawa ta matso a fara neman cibiyar da ake bayar da satar amsa, sakamako ya fito a ce malaman Turanci ba sa aiki.

Ranar Laraba malamar ta koma kan taƙaita labari kamar yadda aka umarce ta. Ta rubuta a allo, yara 112 suka kwafe, fiye da rabinsu ba su san abin da suka kwafa ba.