Marinar Ƙofar Mata da kuɗin cefane

Labarin raguwar masu saye a marinar Ƙofar Mata da ke Kano ya taɓa ni. Tun 1498 ake rini a wurin nan da baba da toka, yau karofi da yawa sun ƙafe, mu kuwa muna can Kantin Kwari muna rububin atamfar Chana. In ka sayi zane ɗaya a hannun marini, shi zai ci, mai bugu zai ci, matar da ta yi ƙullin zanen a gida ma ta samu na cefane. In rinin bai kama ba, ka san ƙofar da za ka koma. Tsada kam akwai, ban musa ba. Amma kayan kwantena in ya koɗe, birnin Gwanzu na Chana za ka bi mai shi?