Nasiha Ga Matasanmu Masu Neman Tallafin Kare Muhalli

Ƙannena da kuka kafa ƙungiyoyin kare muhalli a ƙauyukanmu na ƙasar Haɗeja, akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kuɗin da masu ba da tallafi suke warewa don kare halittu ba a raba shi gwargwadon haɗarin da kowace halitta take ciki. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga manyan namun daji masu kyan hoto, irin su giwa da zaki, domin su ne suke taɓa zuciyar masu bayarwa a Turai da Amurka. Kwaɗi da ƙwari da tsirrai kuwa sai ɗan abin da ya rage, alhali a ƙididdigar IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, kusan kashi 41 cikin ɗari na dangin kwaɗi suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Raina ya ɓaci ranar da na ga takardar neman tallafi da wasunku suka rubuta da hoton giwa a bangonta, bayan kuwa mai son ganin giwa sai ya tafi Yankari a jihar Bauchi. Ina kuka baro ungulu? Muna yara, ranar kasuwa ungulaye kan yi dafifi a kan kukar da ke bayan mayanka, suna jiran mahauta su zubar da abin da ke cikin tumbi. Yau sai mutum ya shekara bai ga ko ɗaya ba, saboda guba da masu cinikin kawunansu don tsibbu, har a 2015 aka sa ungulu cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa. Ita ce take kwashe mana mushe kafin ya zama cuta.

Haka ma fadama. Dausayin Baturiya ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 2008, tsuntsaye suna zuwa masa tun daga Turai, amma tun da aka gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa ambaliyar da take rayar da shi ta ragu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya suna ji a jikinsu.

Don Allah ku ɗauki littafi ku je mayanka ranar kasuwa ku ƙirga ungulayen da suka sauka, ku zauna da tsofaffin masunta su lissafa muku kifayen da suka daina shiga komarsu, sannan ku sa wannan a takardunku, ko da tallafin zai yi jinkirin zuwa.