Ƙuri'a 21 kacal a sabuwar mazaɓarmu

Ina zaune a gabashin garin Milton, a lardin Ontario na Kanada, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da 'yan'uwanmu da suka samu takardar zama 'yan ƙasa a nan.

Ana saura 'yan makonni zaɓen tarayya na 28 ga Afrilu 2025, katin zaɓe ya iso ta akwatin gidan waya. Na manna shi a jikin firiji, sai da uwargida ta karanta ta ce, "Baban yara, wannan ai ba sunan mazaɓarmu ba ne." Gaskiyarta. An tsaga tsohuwar mazaɓar Milton gida biyu. Yammaci ya tafi tare da arewacin Burlington, mu na gabas aka haɗa mu da mutanen Georgetown, aka raɗa wa sabuwar suna Milton East—Halton Hills South. Na ji kunya ƙwarai, don ni da nake cika baki ina bin labarai ban san an yi ba.

Kuma ba a ɓoye aka yi ba. Duk bayan shekara goma, idan an kammala ƙidaya, ana sake shata iyakokin mazaɓu. Bayan ƙidayar 2021 kujerun majalisar wakilai suka tashi daga 338 zuwa 343: Alberta ta ƙaru da uku, British Columbia da ɗaya, Ontario da ɗaya. Kowane lardi da kwamitinsa na mutum uku, alƙali ne shugaba, ba ɗan jam'iyya ba. Suna fitar da taswira, su zagaya su saurari jama'a, duk mai ƙorafi ya faɗi nasa. A 2022 aka yi wannan zaman sauraro. Ni ban je ba, kuma a cikin waɗanda muke gaisawa bayan sallar Juma'a ban ji wanda ya je ba. Alhali lokacin da ake jan layin nan ne ake yanke waɗanda za ka yi tarayya da su a wakili ɗaya har shekara goma. Buƙatar mai haya a sabuwar unguwa, wanda yake sammakon jirgin ƙasa zuwa Toronto, ba ɗaya take da ta wanda ya gaji gida a Georgetown ba.

To, sai ranar zaɓe. A daren, lissafin farko ya nuna Parm Gill na jam'iyyar Conservative ne ya ci. Da aka tantance alƙaluman bayan 'yan kwanaki sai magana ta juya, Kristina Tesser Derksen ta Liberal ta wuce da ƙuri'a 29. Doka ta ce idan tazara ba ta kai ɗaya cikin dubu na ƙuri'un da aka kaɗa ba, dole a sake ƙirga a gaban alƙali. Aka sake. Ta ci da 21. Kowannensu ya haura ƙuri'a dubu 30, amma mutum 21 ne suka raba gardama.

Wallahi da zan zauna da biro, zan rubuta sunayen mutum fiye da 21 da na sani, masu fasfon Kanada a aljihu, mazauna wannan mazaɓa, da ba su fita ba. Wani abokina mai aikin dare a ɗakin ajiyar kaya na kira shi da yamma, ya ce, "Malam, bar ni in yi barci, ƙuri'ata ɗaya me za ta canza?" Na san gajiyarsa, ban raina ta ba. Amma an buɗe rumfuna na tsawon kwana huɗu tun kafin ranar, daga 18 zuwa 21 ga Afrilu, kuma doka ta ba kowane ma'aikaci damar samun awa uku a jere don ya je ya yi zaɓe. Ni minti goma ban cika ba a layi.

Ba ina cewa wa ya kamata a zaɓa ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɗalibanmu da suka zo karatu daga waje da masu takardar zaman dindindin. An ƙirga su a ƙidaya, yawansu yana cikin abin da ya sa aka tsaga Milton, amma ba su da ƙuri'a. Mu da muke da ita, a madadinsu ma muke kaɗawa. Idan takardun wani suka maƙale a ofishin shige da fice, ofishin 'yar majalisar nan za mu garzaya, kuma ita ta san unguwannin da suke fitowa da waɗanda ba sa fitowa.

Ƙidayar da za a sake shata iyaka a kanta sai 2031. Na riga na gaya wa mutanenmu na masallaci, wannan karon ni zan kawo taswirar, mu baje ta a kan tabarma bayan salla, mu zaɓi wanda zai je ya yi magana da yawunmu.