Akuyar Joshua da Fury

(Teburin mai shayi a bakin tasha, Sakkwato, bayan sallar isha'i. Bagobiri ya miƙe ƙafa a benci. Bayarabe makanike ya iso yana goge baƙin mai da tsumma. Can gefe tsohon ɗan dambe na gyangyaɗi, ɗan boko kuma na latsa waya.)

BAGOBIRI: A'a, ga bawana nan! Mai shayi, haɗa masa mai kauri, ka san har yau gidansu ana zaman makoki tun dukan Wembley.

BAYARABE: Wa ke bawan wani? Ni ban san wani Wembley ba. Sa mini ƙwai biyu.

BAGOBIRI: Ba ka san Wembley ba? Filin nan na Landan, inda Dubois ya shimfiɗe ɗan'uwanka Joshua a damben boksin, a turmi na 5?

BAYARABE: Wane ɗan'uwana? Wannan ai Bature ne. A Watford aka haife shi, fasfo ɗinsa ma na Ingila ne.

MAI SHAYI: Oga, ji tsoron Allah. Ranar da ya kwantar da Ngannou a Riyad, nan ka hau bencin nan kana ihu wai ɗan Shagamu ne, wai kakarka da kakarsa rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Ƙafar bencin har yau da ƙusa take tsaye.

BAYARABE: Wancan watan Maris ne. Wembley kuma Satumba. Cikin wata shida mutum yana iya canja ƙasa.

ƊAN BOKO: Duk a 2024 ne. Kuma in za a yi maganar ilimi, yana da zanen taswirar Afirka a kafaɗarsa, an fitar da Najeriya a ciki.

BAYARABE: To ka ji. Kafaɗar tamu ce, ita ke kai naushi. Haɓar da ke karɓar duka, ita ce ta Ingila.

BAGOBIRI: Haɓar nan kam ta sha wuya. Tun 2019 nake faɗa muku. Ruiz ya shigo da tumbi yana rawa, kowa na dariya, ni kaɗai na ce wannan mutumina ne. Sau 4 ya kai shi ƙasa a New York, turmi na 7 alkalin wasa ya ce a bari haka.

BAYARABE: Ka so shi ne don tumbinku ɗaya. Me ya faru da aka sake a Saudiyya a Disamba?

BAGOBIRI: Gudu ɗanku ya yi ta yi, turmi 12 cur. Ruiz kuma ya ci abinci da yawa, shi da bakinsa ya amsa.

BAYARABE: Gudu? Dabara ake ce masa. Ka taɓa, ka janye, ka sake taɓawa. Amma ina Bagobiri zai gane dabara, mutumin da ya tsaya cak har kaza ta gama yi masa zane a fuska.

BAGOBIRI: Zanen sarauta ne, bawa. Ni yanzu Usyk nake yi.

MAI SHAYI: Shekaranjiya kuma Dubois kake yi.

BAGOBIRI: Har Usyk ya kwantar da shi a 2025, a Wembley ɗin nan, turmi na 5. Ni duk wanda ya taɓa dukan Joshua ɗan gidanmu ne. In biyu suka haɗu, sai in bi wanda ya doke shi sau biyu.

ƊAN BOKO: A kimiyyance, Usyk bahago ne, ƙafar dama yake sa gaba, saboda haka hagunsa na zuwa ta inda ba a saba gani ba. Daga ajin da ke ƙasa ya hau zuwa na masu nauyi, ga shi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya doke Joshua sau biyu, Fury sau biyu, Dubois sau biyu...

BAGOBIRI: Bar kimiyya, yaro. Wushirya ce. Mai wushirya ba ya faɗuwa.

TSOHON ƊAN DAMBE: (ya buɗe ido ɗaya) Wa ya faɗi?

ƊAN BOKO: Babu, Baba. Maganar Fury muke. Shi ma Wilder ya kai shi ƙasa a turmi na 12 a 2018, ya kwanta kamar an gama, sai ya miƙe kafin a kai goma. Canjaras aka ba su.

TSOHON ƊAN DAMBE: Bayansa ya taɓa ƙasa?

ƊAN BOKO: Har ƙeyarsa.

TSOHON ƊAN DAMBE: To an kashe shi mana. Mu a gidan dambe ko hannu ka dafa, makaɗa sun juya kiɗa, an ɗauki abokin karonka a kafaɗa. Su kuma a tsaya ana yi wa mutum ƙirge har ya huta, a ba shi kujera, a yi masa fifita da tawul, a zuba masa ruwa a baki. Wannan dambe ne ko jinya?

BAYARABE: Baba, can miliyoyin daloli ake biya.

TSOHON ƊAN DAMBE: (ya buɗe ɗaya idon) Ko an faɗi?

BAYARABE: Ko an faɗi.

TSOHON ƊAN DAMBE: Akwai ajin tsofaffi?

ƊAN BOKO: Mike Tyson ya shiga yana da shekara 58, ya kara da wani yaro ɗan YouTube.

TSOHON ƊAN DAMBE: Nemo mini lambar yaron.

BAYARABE: Ku bar wannan. Magana ɗaya ce: ranar da aka haɗa Joshua da Fury, hannun dama ɗaya tal, dogon nan zai zube.

BAGOBIRI: Ya koma ɗanku ke nan?

BAYARABE: Ai ba a yi damben ba tukuna. Kafin dambe kullum namu ne.

BAGOBIRI: Fury zai jingina masa nauyi, ya rungume shi, ya yi ta tsokanarsa da hagu har ya fusata ya watsar da kambu waje ya ƙwace lasifika, kamar yadda ya yi a Jidda.

BAYARABE: Fury da Ngannou ya kayar, mutumin da ranar ce farkon shigarsa boksin? Fury da ke yin ritaya duk bayan sallah?

BAGOBIRI: To ai maganarmu na nan. Mai shayi, ina akuyarmu?

ƊAN BOKO: Wace akuya kuma?

BAYARABE: A 2021, da aka ce an gama magana za su kara a Saudiyya, muka haɗa kuɗi muka sayi akuya, muka ba mai shayi ajiya. Wanda gwaninsa ya ci, tasa ce.

ƊAN BOKO: Wannan ai caca ce.

BAGOBIRI: Alkawari ne. Caca da kati ake yi.

BAYARABE: Sai aka yanke hukunci wai dole Fury ya koma wa Wilder karo na uku, magana ta watse. Yanzu a lissafina ta haihu aƙalla sau biyar. 'Ya'yan nawa ne, ni na fi sa kuɗi.

BAGOBIRI: Ni na jawo ta daga kara har nan.

MAI SHAYI: (yana juya shayi sama da ƙasa, bai kalli kowa ba) Kun tuna sunan ɗana na uku?

BAGOBIRI: Ƙwarai. Naman nan har yau ina jinsa a baki.

BAYARABE: Ni har na ƙulla saura a leda na kai wa Iya.

MAI SHAYI: To madalla. Kowa ya karɓi rabonsa. Alkalai sun ba da canjaras.

BAYARABE: Kai! Amanar tamu ka yanka?

MAI SHAYI: Dusa ta yi tsada, Oga. Su masu damben sun ƙi haɗuwa, ni zan yi ta ciyar da ita har ta yi ritaya? Kuma ƙwai biyu da shayi mai kauri, da bashin makon jiya, wa zai biya?

BAYARABE: (ya nuna Bagobiri) Ubangidana.

BAGOBIRI: Na 'yanta ka tun ɗazu.